Makamin da Ke Fita ta Gefe

…kuma ba rimot ba ne, an gaya mata har sau uku, to amma me za ta kira shi? Abu baƙi mai ƙaho biyu, ya cika tafin hannu, maɓalli ta sama, maɓalli ta ƙasa, wasu ma a ɓoye ta baya sai yatsa ya lalubo. Rimot ne. Tana riƙe da shi hannu bibbiyu yana ta zufa — a'a, ita ce ke zufar. Shekara talatin da ɗaya tana kan keken ɗinki, hannunta bai taɓa jiƙa yadin mutane ba, yau ga roba tana sulɓe mata.

Kujerar ma ba tata ba ce. Ta Auta ce, mai taya a ƙafa, wadda in ka yi atishawa sai ka tsinci kanka a bakin ƙofa. Ita Autar, 'yarta ta ƙarshe, shekara ashirin da shida, tana zaune a bakin gado ta hannun hagu, ƙaramar kwamfuta a cinya, littafi da biro a gefe, tana rubuta duk abin da uwarta ta yi sai ka ce likita. Ba ta kallonta. Tun da aka fara ba ta kalle ta ba. Allo, littafi, allo.

Gwaji ne, in ji ta. Kamfanin wasannin da ya ɗauke ta aiki, can ƙetaren teku, yana so a ga yadda wanda bai taɓa riƙe abin ba zai yi da makamin da ta ƙera. Ƙera… ba ƙarfe, ba wuta, ba guduma. Rubutu ne layi-layi, ƙanana kamar tururuwa, wata takwas tana zuba su a ɗakin nan, shayi yana hucewa a gabanta ana ɗaukewa ana kawo wani. Wai shi suka gani suka ce ta zo.

"Duk garin nan wa ya kai ki rashin iyawa, Mama? Ke nake nema."

Haka ta ce da rana tsaka, tana janye ta daga kan keke, alli ma bai fita daga yatsunta ba.

To. Allo baƙi ƙirin, taurari kamar an watsa gishiri a kan baƙin yadi. Jirginta fari, ɗan ƙarami, mai fukafukai a karkace. Ba sama, ba ƙasa. Ta tambaya ina ƙasar take, aka ce babu. To in ya lalace ina zai faɗa? Ba ya faɗuwa, Mama, tafiya kawai yake ta yi. Wannan maganar ba ta yi mata daɗi ba, har yanzu tana nan tokare a ƙirjinta. Tafiya kawai yake ta yi…

Sauran makaman ta gane su. Ka juya hancin jirgi, ka fuskanci abokin gaba, ka harba. Ko jifa ai haka ake yi, wa ke jifan abin da bai fuskanta ba? Na Auta ba haka yake ba. Bututu biyu ne a ƙarƙashin fukafukai, bakinsu ba gaba yake kallo ba, gefe yake kallo, ɗaya dama ɗaya hagu. Abokin gaba ya zo ta gefenka, ko ma ya ɗan wuce kafaɗarka, ba sai ka juyo ba. Akwai wani ɗan zobe a allo, ka tura shi da babban yatsa ka ɗora a kansa, ka riƙe — ɗaya, biyu, uku — zoben ya koma ja, ya yi tit-tit-tiiit, ka danna. Makami mai linzami ya fita ta gefe kamar bai san da kowa ba, ya yi nisa abinsa, can sai ya lanƙwaso, ya bi zafin injin wancan har ya cim masa. Kai kuwa ka ci gaba da tafiyarka. Shi ke nan fa. Wata takwas.

Lanƙwasar dai ta yi kyau, ba za ta yi ƙarya ba. Hammatar riga ce sak. Duk wanda ya taɓa ɗora hannun riga ya san wannan layin, ba a yin sa da garaje, allura tana inda take, yadin ake juyawa kaɗan-kaɗan. Yarinyar nan ta ƙi koyon ɗinki, wai baya ke mata ciwo, ashe ɗauke hammatar ta yi ta kai sama.

Ga ɗaya nan tafe, ja, ta dama. Zobe. Yatsa. Ɗaya, biyu —

Ambulan ɗin ko nauyi ba shi da shi. Abin da ya ba ta mamaki ke nan. Litinin, wajen ƙarfe sha ɗaya, Auta ta fita neman wayar caja, aka ƙwanƙwasa. Mutumin kamfanin aike, babur a bakin ƙofa da babban akwati a baya, furfura ta fara cin gemunsa. Ya karanto suna. Ta ce 'yarta ce. Ya miƙo wata na'ura ya ce ta sa hannu da yatsa, ta sa, irin sa hannunta na kullum, harafin farko da doguwar jelar nan da ta koya tun aji shida, malaminsu yana cewa wannan jela ce ko igiyar shanya. Ya nemi ruwa, ta ba shi, ya sha ya tafi. Ba ta buɗe ba. Ba sai ta buɗe ba. Ta matsa da yatsa ta ji shi a ciki, ɗan littafi mai tauri, fasfo, da bizar da aka yi wata biyu ana jira. Tana tsaye a bakin ƙofa, sai ga ta a gaban keke. Tafiyar da ke tsakani ba ta tuna ta ba. Durowar dama, ƙarƙashin zif-zif da tsofaffin maɓallai da tef ɗin awo da ya tsinke. Ta tura. Ta rufe.

— uku. Ja. Tit-tit-tiiit. Danna.

Ya fita. Ga shi can, farin hayaƙi a bayansa kamar zaren da ya warware, ya nufi inda babu komai, babu kowa, ina za shi? Ba can ba ne! Abokin gaban yana nan, shi kuwa ya yi can, shi kaɗai a cikin wannan duhun, ɗan mitsitsi… hannunta ya riga ya juya. Ba ita ta ce ya juya ba. Hancin jirgi yana bin hayaƙin, bari dai ta ga ya kama hanya, bari ta ga lanƙwasar kawai, daga nan sai ta koma —

Fari fat. Rimot yana rawa a hannunta. Gutsattsarin jirginta suna yawo a allo, ba sa faɗuwa.

Biro ya yi ƙaras a littafi. Na tara ke nan.

"Kyaftin, kin sake kashe kanki."

An yi mata bayani tun a na uku, da cokali biyu da murfin kofi. Makamin zafi yake bi, ba shi da ido, bai san nasa ba bai san bare ba. Yana fita yakan yi kamar numfashi biyu a makance, don ya yi nesa da mai shi, sannan ya farka ya fara lanƙwasowa, duk injin da ya fi kusa da hancinsa shi zai kama. In kin tafi abinki, ba abin da ya rage a gabansa sai wancan. In kika juyo kika biyo shi, kin shigo cikin da'irarsa ke nan, ke ce kusa, ke ce da zafi. Mutum arba'in suka gwada kafin ita, samari da 'yan mata masu jajayen idanu, ba wanda ya taɓa mutuwa ta nan. Ba wanda ya san ma ana iyawa. A na farko Auta har kwanciya ta yi don dariya, ta ce wannan sabon salo ne, sai ta rubuta wa kamfani a sa masa sunanta. A na biyar ta daina dariya.

Ta tambaye ta ai. Ta ce tunda rubutu ne, me zai hana ki rubuta masa ya san mai shi? Auta ta ce layi ɗaya ne, ko minti biyu ba zai ci ba. To ki rubuta mana. Ta ce in na rubuta, kowa zai riƙa bin bayan makaminsa yana kallo, ba mai tuƙa jirginsa, wasan ya lalace. Ji wata magana. An iya gyara abu, an ƙi, wai don kar mutane su ji daɗi da yawa.

Su arba'in ɗin sun taɓa ɗinki? Wa ke sakin yadi a ƙarƙashin allura? Ka taka keke, ka ɗauke hannu, ka kau da kai, wai ɗinki ya san hanya? Sai ya tattare, sai ya cinye gefe, ka wuni kana warwarewa mai kaya tana tsaye a kanka. Hannu yana bin abu har ƙarshen layi, a yanke zare, a ɗaga a duba ta ciki da ta waje. Haka aka koya mata, haka ta koya wa duk wadda ta taɓa zama a kan kekenta. Abu ya fita daga hannunka ba ka ga inda ya sauka ba… wannan aiki ne?

Allon ya dawo. Sabon jirgi, fari tas, kamar ba abin da ya faru. Nan kam sun ji daɗi. Nan mutum ya tarwatse a miƙo masa wani.

Baban yara direban babbar mota ne. In zai tafi takan raka shi har kwanar titi inda yake ajiye motar, da goyo da komai, yana cewa ki koma, ki koma mana, motar nan ba ta san hanya ba ne? Ita kuwa tana tsaye har sai jar fitilar baya ta sha kwana. Shekara goma sha huɗu tana haka. Rana ɗaya tak ba ta raka shi ba, ana jiran kayan wata mata, tana kan kalmasa, ya leƙo ya ce na tafi, ta ce a dawo lafiya ko kai ba ta ɗaga ba — rana ɗaya. Ta sani. Ta sani ba haka abin yake ba, an gaya mata, birki ne, gangara ce, kwana ne ya ƙare. Ba rakiyarta ke riƙe da birki ba. Kai ya sani. Hannu ne bai sani ba.

Ga wani ta hagu. Wannan karon ba za ta juya ba, ta ƙudura. Zobe, zo nan, ina kake zillewa…

Ba sata ta yi ba. Ajiya ce. Kayan mutane nawa ne a ɗakin can, wasu shekara guda, ko zare bai ɓata ba? Ta ce wa ranta sai yamma ta ba ta, yarinya ta ci abinci tukuna. Da yamma ta ce sai gobe. Talata da safe ta buɗe durowar, ta taɓa, ta ɗauki maɓalli ta rufe. Ba hana ta za ta yi ba, wa ya ce hana ta za ta yi? Kwana ɗaya kawai take so ta ƙara jin ƙarar yatsun nan ta bango, ƙas-ƙas-ƙas, ta san akwai mutum a ɗaki. Kwana ɗaya. Ya zama biyu. Yau Alhamis. Jirgi — na gaske, mai sauka ƙasa — Asabar ne. In fasfo bai fito ba zuwa gobe da azahar sai a soke tikiti, kamfani kuma ya ce ba zai sake ɗagawa ba, sun ɗaga sau ɗaya, akwai wani yana jira a bayanta. Duk ta ji wannan. Tana tsaye da farantin shinkafa a hannu ta ji, ta ce Allah ya bayyana shi. Da bakinta.

Yayan Auta ma shekara biyu ya ce. Babban. Shekara biyu kacal, Mama, in ga yadda abin yake. Yanzu tara. 'Ya'yansa biyu, a waya ta san su, fuska ta daskare ana tsakiyar gaisuwa, baki a buɗe, a ce Kaka ki ɗaga hannu, ta ɗaga wa hoto hannu. Ƙaramar in an ce ta gaida Kaka sai ta kalli uwarta. Bai yi laifi ba. Yana kira. Duk Lahadi yana kira in bai manta ba. Bai lalace ba, bai faɗi ba, tafiya kawai yake ta —

Ja. Danna.

Kar ki juya. Kar ki juya. Tana kallon gaba, gishiri a kan baƙin yadi, haƙora a cije. Hayaƙin yana wutsiyar idonta, yana ƙanƙancewa. Numfashi ɗaya. Biyu. Yanzu zai farka. In bai farka ba fa? In wannan ne wanda rubutunsa ya sami tangarɗa, ya ƙi lanƙwasowa, ya yi ta tafiya ba wanda ya ga inda ya nufa, ba wanda ya ma waiwaya, uwar da ta sake shi tana can tana kallon taurari —

Fari.

Goma.

Biron Auta. Ƙaras.

Talata wuni Auta ta yi da waya a kunne, tana kai-kawo tsakanin ɗaki da kicin, murya a ladabce, don Allah ku sake dubawa, lambar ita ce kaza, e, zan jira. Aka ce na'urarsu ta nuna an kai. Ta ce ba a kawo ba. Ta leƙo ɗakin ɗinki: Mama, ba wanda ya zo jiya? Ita kuwa da allurai uku a baki. Alluran ne suka cece ta. Ta girgiza kai — girgizawa ce ma? Ta dai motsa kai. Ba ta ce a'a ba, bakinta bai furta ba. Daga nan aka shiga banɗaki aka buɗe famfo, ruwa yana ta zuba, yana ta zuba, wanka ba ya kai haka. A cikin zubar ruwan nan ta yanka hannun rigar matar mai kantin magani, guda biyu, duk na hagu. Shekara talatin da ɗaya. Ta shimfiɗa su a tebur tana kallo, hagu da hagu, yadin kuma ya ƙare.

Ga mutumin. Mai furfura a gemu. Auta ta ce tuhumarsa za su yi, wai in kaya irin wannan ya salwanta a hannun mutum sallamarsa ake yi. Ya sha ruwa a kofinta mai shuɗin baki. Ya ce Allah ya raya zuri'a. Yana da 'ya'ya, dole, irin wannan gemun ba ya rasa 'ya'ya… yanzu haka yana tsaye a gaban wani tebur, hula a hannu, yana rantsuwa wata dattijuwa ce ta karɓa, har ruwa ta ba ni. Dattijuwa. Haka zai ce.

Sabon jirgi.

Wuyanta ya ƙage. Idanunta suna yaji, gilashin yana can kan keke, ba a ba ta damar ɗauka ba. Tana jin ƙamshin man da Auta ke shafawa, tana jin fanka tana ƙiƙi-ƙiƙi a duk zagaye, wata nawa ana cewa za a kira mai gyara. Wa zai kira shi yanzu? Ba wannan ba ne abin. Ta iya kiran mai gyara. Ta iya komai, ita ta riƙe gidan nan da ƙafa ɗaya a kan keke. Abin shi ne yarinyar nan in tana aiki ba ta san yunwa ba. Ba ta san ta yi zazzaɓi ba sai an taɓa goshinta an gaya mata. Can wa zai taɓa? Wa zai ɗauke shayi mai sanyi ya kawo mai zafi? Sai ta yi kwana uku a ƙasa ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Rigar sanyin tana rataye a bayan ƙofar ɗakin ɗinki, an lulluɓe ta da tsohon zanin gado. Sati uku tana ɗinka wa Auta ita a ɓoye, yadi mai kauri, toka-toka, shafi biyu. Jiya ta yi mata aljihun ciki. Ta fito da ambulan ɗin, ta laluba gefen ɗan littafin ta cikin takarda, ta auna da tef, tsawo da faɗi, ta ƙara rabin inci don yatsa ya shiga, ta sa ɗan zif don kar ya zame a cikin jama'a. Ya zauna daram. Ta gwada, ta sa ambulan ɗin a naɗe ta ciro. Sannan ta mayar da shi ƙarƙashin maɓallai ta rufe durowa. To wace ce wannan? Mai ɗinka wa abu aljihu kuma ta ɓoye abin? In wata ce ta ba ta labari sai ta ce a kai ta a duba ta.

Ranar farko ta makaranta, jakar ta fi yarinyar girma. Ta kai ta aji, aka ce iyaye su tafi, ta tafi — ta zagaya ta bayan ginin ta tsaya jikin taga inda ba a ganinta. Haka ta ɗauka. Kwana huɗu. A na biyar malamar ta fito ta ce, baiwar Allah, 'yarki ba allo take kallo ba, taga take kallo, ki taimake ta ki tafi gida. Ranar jarrabawar shiga jami'a ma ta hau motar da ke bayan tasu, ta zauna a bencin mai gyaran takalmi tsallaken titi, awa huɗu, har ya gyara mata takalmin da bai lalace ba. Da yarinyar ta fito ko waige ba ta yi ba, ta tsallako kai tsaye, ta miƙo mata gorar ruwa ta ce Mama mu tafi. Ba ta ce me kike yi a nan ba. Ba ta taɓa cewa ba. Babban ne mai faɗa, shi zai tsaya a gabanka ya buɗe murya, don me, don me, ku yi ta yi har maƙwabta su leƙo, a gama a zauna a ci abinci. Shi ta iya shi. Wannan kuwa… tun tana rarrafe in tana son abu ba ta cewa a ba ta. Sai ta zo ta zauna kusa da abin tana wasa da wani abu daban.

Ga wani. Ta hagu kuma, ya ɗan wuce kafaɗa. Zobe ya hau. Ɗaya.

Jiya Auta ba ta kira kowa ba. Sai yanzu take lura. Da safe ta daɗe a tsaye a kicin tana kallon waya, shayi a hannu, ba ta sha ba. Sannan ta ajiye ta wanke kwanuka, har da babbar tukunyar da ba ta taɓa taɓawa ba. Ta sauko da akwati ta goge masa ƙura. Ta zo bakin ɗakin ɗinki ta ce zif ɗin aljihun akwati ya lalace, Mama, in kin sami sarari, ai akwai sabo a durowar keke ko? Ta dama? Taku biyu ne tsakaninta da durowar. Ba ta buɗe ba. Ita da ke buɗe ko'ina ba tambaya, ita da ke ɗauke almakashin yadi ta yanka wayar lantarki da shi. Ta ce ba sauri, ta juya. Ita kuwa a lokacin ta ɗauka sa'a ta yi. Har hamdala ta yi. Hamdala!

Biyu. Uku. Ja. Danna.

Ya fita.

"Mama." Muryar a hankali, ido a kan littafi. "Kullum ko gaba kike kallo, ko bayan abin da kika harba. Kalli gefenki."

Gefe. Wane gefen? Gefen allo ba komai, lambobi ne, da wani ɗan layi kore. Idon ya zarce, ya sauka daga allon, kan tebur — kofin shayi, cokula biyun nan, murfi, da waya. Wayar Auta, a kwance fuska sama, a kunne. Yarinyar da ke kife wayarta ko banɗaki za ta. An jingina ta da littattafai ma, don ta ɗan tashi. Farin shafi ne, tambarin kamfanin aike a sama, Litinin, sha ɗaya da minti bakwai. A ƙasa, a cikin wani ɗan akwati, a karkace saboda da yatsa aka yi…

Ko ba gilashi. Ko a cikin duhu. Igiyar shanya.

Tun yaushe take nan? Tun na ɗaya? Tun da aka zaunar da ita a kujerar nan, aka gyara mata tsawo, aka juya ta daidai, aka ce ga shayi nan kusa in kin ji ƙishi? Sau goma ta tarwatse, wayar tana nan a wutsiyar idonta, tana jira.

Tun jiya da safe ke nan. Auta ta wanke tukunya tana sane. Ta goge akwati tana sane. Ta ce mata sannu da aiki, ta zuba mata ruwan zafi a bokiti, ta kwana bango ɗaya tsakaninsu. Da Babban ne da tuni an fasa durowar, an yi kuka, an yi rantsuwa, da ta sami abin riƙewa, ta ce ni na haife ka, ta ce ba ka san abin da na gani ba. Tana da maganganun a shirye, kwana uku tana goge su. Wa za ta gaya wa? Ba wanda ya fuskance ta.

Wata ƙara daga allon, daban, mai daɗi, kamar an kaɗa ƙaramin ƙarfe. Rubutu mai ruwan zinare. Can nesa ta hagu wani jan abu yana watsewa. Jirginta yana nan, fari, lafiya lau, yana ta tafiya shi kaɗai don yatsunta sun sandare ba su juya komai ba.

"Kin gani? Ya same shi. Ya san hanya."

Ba ta gani ba. Abin ke nan. Ya lanƙwasa, ya isa, ya yi abin da aka yi shi dominsa, ita ba ta ga ko ɗaya ba. Sai dai aka gaya mata.

Biro bai yi ƙara ba. Tana iya hango shafin daga nan, ba rubutu, ba bayani, 'yan sanduna ne goma a jere. Kamfani ne zai karanta sanduna? Akwai ma wanda ya ce a yi gwajin?

Auta tana kallon allo. Gefen fuskarta kawai, kunne, da ɗan tabon nan na faɗuwa daga kan tebur tana shekara uku, ranar ma tana tsaye a wurin, taku ɗaya, hannunta bai kai ba. Leɓen ƙasa a cije. Ba za ta ce ba. Har gobe da azahar ba za ta ce ba, za ta zauna a nan ta bar tikitin ya mutu, ta bar wancan ya ɗauki aikin, ta wanke tukunya. Kuma ba za ta taɓa tambaya ba, shekara goma, ashirin, su biyu a gidan nan da fanka mai ƙiƙi-ƙiƙi, tana kawo mata shayi mai zafi tana cewa na gode, Mama…

Tit… tit… tit. Wannan kuma wace ƙara ce? An gaya mata, tun farko an gaya mata — in kika ji wannan, wani abu ya kama zafinki, yana tafe, ba za ki gan shi ta gaba ba.

Taku goma sha biyu ne zuwa durowar. Ta san su, uku zuwa ƙofa, a kauce wa kwandon wanki, tara. Kujerar mai taya ce, da za ta tura da ƙafa ma da ta kai ta rabi. Sai mutumin, a kira kamfaninsu yau, kafin su tashi. Sai rigar, ba a goge ta ba. Sai zif ɗin akwati, in ma da gaske ya lalace. Rimot ɗin yana nan a hannunta, jiƙe, yatsun sun ƙi buɗewa, za su buɗe, bari dai ta ɗan huta, minti ɗaya, ba kwana ɗaya ta ce ba, minti…

A filin jirgi, har ina ake barin mai rakiya ya kai? Na Babban ƙofar gilashi ce, aka ce nan ne iyaka, ya shige, mutane suka rufe bayansa. Sun ce an sake ginin.

Akwai taga kuwa?